Injin Ɗaga Kaya: Abin Da Mai Sito Da Ɗan Dako Ya Kamata Su Sani Kafin A Ɗora Buhun Farko

Duk wanda ya zaga kasuwar Dei-Dei da ke kan hanyar Kubwa zuwa Zuba, ko ya shiga unguwar masana'antu ta Idu a nan Abuja, zai lura aikin ɗaukar kaya yana sauya kama. Fili ya yi tsada, don haka masu sito da manyan shaguna sun koma gina bene suna ajiya a sama. Siminti, tayil, fenti, buhunan shinkafa, katan-katan na kifi, duk so ake su hau su sauko ba tare da an jira 'yan dako goma ba. Abin da ya kawo injin ɗaga kaya ke nan, wato dandamali na ƙarfe da ake jibga wa kaya, inji ya ɗaga shi ya sauke.

Na san haka abin yake a wajenku 'yan uwa mazauna kudu, daga Mile 12 da Agege har Sabon Ibadan da Fatakwal. Kuma idan kun duba da kyau, mafi yawan masu tsayawa kusa da wannan ƙarfe yaranmu ne da suka zo neman na kansu. Ni ɗan kara ne, mahaifina fataucin shanu yake yi, lodi shi ne aikin da na fara sani a duniya. Shi ya sa na ga ya dace in tattara mana wannan bayani wuri guda.

Maganar gaba ɗaya a kan tambaya ɗaya take. Ranar da igiya ta tsinke, ko tiyo ya fashe, ko aka ɗauke wuta kaya na rataye a sama, mene ne zai riƙe dandamalin? Injin da ke da amsar wannan tambaya shi ne inji. Wanda ba shi da ita tarko ne, ko da fentinsa na sheƙi.

Ire-iren injin

Na farko shi ne mai ƙafar almakashi. Ƙarafa ne a giciye a ƙarƙashin dandamali, silindar mai ta tura su su miƙe, dandamali ya tashi. Ya fi dacewa da ɗagawa gajeriya, kamar daga ƙasa zuwa bakin tirela.

Na biyu shi ne lif ɗin kaya mai hawa bene. Keji ne ko dandamali da ke bin layin ƙarfe biyu a tsaye, winci ya ja shi da igiyar waya ko sarƙa, wani kuma doguwar silinda ke tura shi. Wannan ne masu walda suka fi haɗawa a gida, kuma shi ne ya fi buƙatar a sa masa ido.

Na uku shi ne wanda ake maƙalawa a bayan mota, irin na motocin sanyi masu dakon nama da kifi.

Na huɗu shi ne cen-bulok ko winci da ake ratayewa a ƙarfen rufi, wanda kanikawa ke ciro injin mota da shi, mahauta kuma a mayanka ta zamani suke ɗaga sa da shi bayan yanka. Shi ba shi da dandamali, amma ƙa'idarsu ɗaya ce.

Inda dabarar ta samo asali

Tun kafin zuwan lantarki mutane ke ɗaga kaya da igiya. Matsalar dai ita ce igiya tana tsinkewa. Wani Ba'amurke mai suna Elisha Otis, wanda ke aiki a wata masana'antar ƙera gadaje a garin Yonkers kusa da New York, shi ne a 1852 ya haɗa wata dabara don dandamalin ɗaga kayan masana'antar. Ya sa sifirin na ƙarfe a saman dandamalin, ya yi wa layin da yake bi haƙora. Muddin igiya na ɗauke da nauyi, sifirin yana tanƙware. Tana tsinkewa sai ya miƙe, ya cafki haƙoran.

A 1854, a wani babban bajekoli a New York, Otis ya hau dandamalin da kansa, aka ɗaga shi sama, ya ce a sare igiyar. Dandamalin ya ɗan zame kaɗan ya tsaya cak. Daga nan mutane suka fara yarda da lif, har a 1857 aka kafa na ɗaukar mutane a wani kanti a birnin. Ku lura fa, abin da ya kawo shi ne abin tsayarwa, domin abin ɗagawa ai yana nan tun da.

Shi kuwa mai aiki da mai, wato haidirolik, ya tsaya ne a kan ƙa'idar da Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17: idan ka matsa ruwa ko mai a rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. A 1795 wani Bature ɗan Ingila, Joseph Bramah, ya mayar da ita injin matsa kaya. Jak ɗin da direban tirela ke ɗaga mota da hannu ɗaya, wannan ƙa'idar ce.

Lissafi na farko: nauyi

Kowane injin ɗaga kaya dole ya kasance da allo na ƙarfe a jikinsa mai nuna iyakar nauyin da zai ɗauka. Amma rubuta kilo 1,000 kawai bai wadatar ba, domin yaron da ke lodi ba da kilo yake lissafi ba, da buhu yake yi. Tan ɗaya shi ne buhun siminti 20, tunda kowane buhu kilo 50 ne. Idan masara ce mai kilo 100, buhu 10 ke nan. A rubuta wannan da Hausa da Turanci, da manyan baƙi, a inda ido zai gani.

Wajen zayyana injin, ba nauyin kayan kaɗai ake dubawa ba. Akwai nauyin dandamalin kansa, da baro ko kurar da aka turo kayan a kai. Akwai fizga, domin kayan da aka ɗaga da gaggawa ko aka tsayar farat ɗaya suna jan igiya fiye da nauyinsu na zaune. Akwai kuma inda aka ajiye kayan. Tan ɗaya a tsakiyar dandamali daban yake da tan ɗaya a gefe guda. Idan kuma motar ɗaga kaya mai yatsu biyu za ta riƙa taka shi, to nauyin gaba ɗaya yana fara sauka ne a baki ɗaya kafin ya kai tsakiya, sai an gaya wa maƙerin tun farko.

Saboda waɗannan dalilai ake ba da rara. A aikin ɗaga kaya na yau da kullum, igiyar waya ana zaɓen wadda ƙarfin tsinkewarta ya ninka nauyin aiki sau biyar. A ƙa'idar Turai, sabon inji mai aiki da lantarki ana gwada shi da nauyin da ya ɗara iyakarsa da kashi 25 cikin 100 kafin a miƙa shi. Wato mai tan ɗaya a ɗora masa buhun siminti 25, babu kowa a kusa, a duba ko wani ƙarfe ya lanƙwashe ko walda ta tsage. Wannan gwaji ne na ƙwararru, ba na kullum ba.

A nan ne wasu ke yaudarar kansu. Sai ka ji an ce, ai Bature yana barin rara, ƙara buhu biyar. Wannan rarar fa ba gyara ba ce irin wadda mai awo ke ƙara maka a kan mudu. An bar ta ne saboda tsatsa, da fizga, da tsufan ƙarfe. Idan ka cinye ta da lodi, ranar da aka buƙace ta ba ta nan.

Kada kuma a manta da ginin. Ƙarfen da aka rataye winci, da dakin da za a sauke kaya a kai, da kankaren da ke ƙarƙashin injin, duk suna ɗaukar nauyin nan. Wannan lissafin na injiniya ne mai rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniyanci a Nijeriya, hedikwatarta kuma tana nan Abuja. Mai walda komai iyawarsa, hannunsa aka saya, lissafin sai injiniya. Tun ran gini tun ran zane.

Idan igiya ta tsinke

Ga mai amfani da winci, ga abubuwan da ake nema.

Igiya biyu ko sarƙa biyu, kowacce da maɗaurinta, ta yadda ɗaya za ta iya riƙe kayan idan ɗaya ta tafi. Sannan abin cafke layi irin na Otis. Lif ɗin da ba shi da wannan, igiyar ce kaɗai tsakanin kaya da kan mutum.

Makunnin iyaka a sama da ƙasa, wanda ke yanke wuta idan dandamali ya kai ƙarshe. Idan babu shi, winci zai ci gaba da ja har ƙugiya ta daki ganga, igiya ta tsinke. Ana kuma sa wani makunni mai tsayar da inji idan igiya ta yi sako-sako, misali dandamali ya maƙale a hanya winci na ta warwarewa.

Ko dandamali ya sauka har ƙasa, aƙalla zagaye biyu na igiya su rage a jikin ganga. Bakin igiya idan da kilif aka ɗaure shi, kada su gaza uku, kuma faffaɗan gindin kilif ɗin ya zauna a kan ɓangaren igiyar da ke ɗauke da nauyi, lanƙwasasshen ƙarfen ya danne guntun bakin. Idan aka juya shi, yana murƙushe igiyar da ke aiki.

Wannan na kilif na gani da idona a wani sito a bayan gari. Kilif biyu aka sa, kuma a juye. Ana cikin hawa da buhuna bakin igiya ya zare, dandamali ya dawo ƙasa daga bene na farko. Wani yaro da ke jiran lodi na gaba gefen ƙarfen ya same shi a ƙafa. Gida aka mayar da shi wajen mai ɗori, sati na zagayowa aka ɗauki wani a madadinsa. Kilif ɗin da aka yi tsimi bai kai kuɗin motar da ta kai shi gida ba.

Ƙugiya ta zama ta masana'anta, mai marfin baki da lambar nauyi a jiki. Rodi da aka lanƙwasa da wuta ba ƙugiya ba ce, buɗewa yake yi a hankali ba tare da ya yi ƙara ba. Sarƙar ɗaga kaya idan ta tsinke ba a yi mata walda, ba a haɗa ta da noti, sauyawa ake yi. Igiyar da silinta suka fara tsinkewa, ko ta karye a wuri guda, ko ta buɗe kamar sheƙar tsuntsu, ta gama aiki.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: idan ka rataye kaya da igiya biyu, gwargwadon yadda suka buɗe haka jan da ke kansu ke ƙaruwa. Idan suna tsaye, kowacce rabin nauyi take ɗauka. Idan suka buɗe har digiri 120 a tsakaninsu, kowacce nauyin gaba ɗaya take ɗauka. Don haka gara doguwar igiya da gajeriya mai buɗewa.

Idan tiyo ya fashe

Injin mai yana aiki da matsi mai yawa. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da 'yan kai ba, amma a irin wannan inji matsin yakan haura bar 100. Bar ɗaya kusan kilo ɗaya ne a kan kowace santimita murabba'i. Ka ga silinda mai faɗin fuska santimita murabba'i 50, a matsin bar 100, tana tura kusan tan 5. Man nan shi ke riƙe da kayan. Idan ya sami hanyar fita, dandamali zai biyo shi.

Maganin wannan shi ne wani ƙaramin bawul da ake ɗaurawa a jikin silindar kanta. Idan mai ya fara gudu fiye da kima sai ya rufe, dandamali ya tsaya inda yake. Dole a jikin silinda yake, domin idan aka sa shi can kusa da famfo, tiyon da ke tsakani ya fashe, bai yi amfanin komai ba. Ku ce mai sayarwa ya nuna muku shi da yatsa.

Akwai kuma bawul mai rage matsi, wanda ke hana injin ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa. Idan an yi lodi ya wuce, inji zai yi gurnani ya ƙi tashi. To a nan ne wani mai wayo zai zo da sifana ya ƙara ɗaure bawul ɗin, wai ya ƙara masa ƙarfi. Bai ƙara komai ba, mai gadi ya kora. A sa masa hatimi bayan an saita. A sani kuma, mai ƙafar almakashi ya fi shan wahala a daidai lokacin da zai tashi daga ƙasa, domin a nan silinda ke kwance. Idan ya yi nishi a nan, rage kaya za a yi.

Kada kowa ya nemi inda mai ke yoyo da hannu. Siririn man da ke fita da matsi yana huda fata ya shiga nama, ramin kamar na allura, amma yana iya jawo a yanke yatsa. Da kwali ake nema. Wanda ya same shi ya tafi asibiti a take, ya faɗa musu man inji ne ya shige shi.

Duk wanda zai shiga ƙarƙashin dandamali don gyara ko shara, a sauke kaya tukuna, a sa ƙarfen tokara da maƙerin ya tanada, a kashe wuta, shi mai gyaran ya riƙe makulli a aljihunsa. Kowane ƙaramin yaron mota ya san ba a shiga ƙarƙashin bodin tifa ba tare da tokara ba. Daidai suke.

Yanayinmu ma yana da nasa. Ƙurar hunturu tana cin robar silinda, ruwan damina kuma, wanda a Abuja yakan ɗauko daga Afrilu har Oktoba, yana cika ramin da aka kafa injin idan ba a yi masa magudana ba. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa ba man haidirolik ba ne.

Idan aka ɗauke wuta

Wanda ya zayyana inji a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa yana iya ɗaukar wannan a matsayin abin da kan faru jefi-jefi. Mu kam kullum ne, ko AEDC ce a Abuja ko wani kamfanin a wajenku. Abubuwa huɗu ake dubawa.

Birkin winci ya zama irin wanda sifirin ke kamawa, wuta ce ke sakinsa. Ana ɗauke wuta sai ya cije da kansa. Na biyu, a sami hanyar sauke kaya a hankali da hannu, daga inda mutum ba ya ƙarƙashin dandamali. Na uku, idan wuta ta dawo kada inji ya tashi da kansa sai an sake danna maɓalli.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ɓoyuwa. Injin da ke amfani da wuta mai layi uku, idan aka sauya wurin waya biyu, juyawa yake yi ta baya. Wannan yakan faru bayan gyaran taransifoma ko lokacin haɗa sabon janareto. Sai ka danna sauka inji ya hau, kuma makunnin iyaka yana iya ƙin tsayar da shi, tunda a lissafinsa ƙasa ake tafiya. Akwai ƙaramar na'ura da ake sawa a akwatin wuta mai hana inji tashi idan layi ya juye. Bayan duk wani aikin wuta, a gwada injin babu kaya. A tabbatar kuma an haɗa jikin ƙarfen da wayar ƙasa, saboda masu aiki da jiƙaƙƙen hannu a ɗakin sanyi.

Shinge, ƙofa da inda ƙafa ke shiga

Faɗowar kaya ba ita kaɗai ce hatsarin ba. Mutum yana iya faɗawa ramin lif daga bene, ko dandamali ya sauko ya datse masa ƙafa, ko almakashin ya kama hannu.

A killace hanyar lif daga ƙasa har sama da raga ko bango. Kowane bene da ƙofarsa, kuma a haɗa ƙofar da makunni: ba ta buɗuwa sai dandamali yana wurin, inji kuma ba ya motsi sai tana rufe. Duk wanda ya ɗaure wannan makunni da waya don aiki ya yi sauri, ya buɗe rijiya ne a tsakiyar sito.

Inda mutum zai tsaya a sama, shinge ya kai tsayin mita 1.1, da ƙarfe a tsakiya, da ɗan allo a ƙasa mai aƙalla santimita 10 don kada ƙafa ko kaya su zame. A ƙarƙashin bakin mai ƙafar almakashi ana zagaya wani ƙarfe mai motsi, yana taɓa ƙafa ko wani abu sai saukar ta tsaya. Daɓen dandamali ya zama faranti mai ƙurji, saboda mai da ruwa da jini.

Maɓallin ya zama irin wanda sai kana danne da shi inji ke tafiya, ka saki ya tsaya. A kafa shi inda mai tuƙi ke ganin dandamali amma hannunsa ba ya kai wa gare shi. Jan maɓallin tsayawar gaggawa a kowane bene.

Lif ɗin kaya ba na mutane ba ne. Na san gajiya, na san hawa matakala sau hamsin a yini ba wasa ba ne. Amma na ɗaukar mutum ƙa'idarsa ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Oga da kansa kada ya hau, domin abin da yara suka ga ya yi shi za su yi.

Bakin tirela da tudun lodi

Daɓen tirela yana kai wa mita 1.2 zuwa 1.4 daga ƙasa. Hatsarin da ke nan shi ne tazarar da ke tsakanin mota da dandamali. A sa wa tayoyi waigi, a ja birkin hannu, a karɓi makulli daga direba har a gama. Farantin da ake shimfiɗawa tsakani ya kasance da abin maƙalewa, ba katako da aka jefa kawai ba.

Mu 'yan shanu namu dandamalin shi ne tudun lodi, ko a karar Dei-Dei, ko Lokpanta a jihar Abiya, ko Ugwuoba a jihar Inugu, ko Oko-Oba a Agege. Wata masaniyar halayyar dabbobi 'yar Amurka, Temple Grandin, ta ba da shawarar kada gangaren lodin shanu ya wuce digiri 20. A sauƙaƙe, duk mita ɗaya na tsayi a ba shi kusan mita uku na tsawo, wato tudun tirela ya kai wajen mita 4. Ta kuma ce a jera katako ko ƙarfe a giciye, tazarar santimita 20 ga manyan shanu, don kofato ya sami abin takawa, a toshe gefe da gefe don kada dabba ta ga abin da zai firgita ta. A bar ɗan fili miƙaƙƙe a sama kafin ƙofar mota, kuma kada a bar rami tsakanin tudu da mota. Babban sa yana iya haura kilo 400, kuma kaya ne mai motsi da ra'ayin kansa. Wanda ya karya ƙafa a wajen lodi, kowa ya san farashin da mahauta za su taya.

Abin da doka ta ce

Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi magana a kan lif, sarƙa, igiya da kiren. Ta ce a killace hanyar lif da ƙofofi, a rubuta iyakar nauyi a fili, kuma ƙwararre ya bincika lif da sarƙoƙi da igiyoyi aƙalla sau ɗaya duk wata shida. A 2018 an ƙara fitar da ƙa'idoji na musamman a kan kayan ɗaga nauyi. Sashen kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya shi ke sa ido, kuma ma'aikatar tana da ofisoshi a jihohi. Mazauna Legas kuma suna da hukumar kiyaye haɗura ta jiha.

Sai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai ɗaukar aiki ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a cire wa ma'aikaci. Abin da ya kamata yaranmu su sani shi ne, dokar ta haɗa har da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo, ko da baki aka yi yarjejeniya. Wanda ya ji rauni ya sanar da mai gidansa cikin kwana 14, neman diyya kuma cikin shekara ɗaya. A riƙe takardar asibiti, a ɗauki hoton injin, a rubuta sunayen waɗanda suka gani.

Kafin a biya kuɗi, da kowace safiya

Iyayenmu masu sito, kafin ku biya ku tambaya: Wane injiniya ne ya yi lissafin, ina zanen? Ina allon nauyi? Me zai riƙe idan igiya ko tiyo ya tafi? An gwada shi da ƙarin nauyi a gabana? Idan kwance ne daga waje, ina takardarsa, kuma ana samun kayan gyaransa? Wanda ya amsa da "Alhaji kar ka damu, mun yi wa mutane da yawa", bai amsa ba. Araha ba ta ado.

Ku kuma 'yan uwana masu aiki, minti biyar kafin lodin farko: a hau da shi a sauko babu kaya, a gwada jan maɓalli, a buɗe ƙofa a ga ko ya ƙi tashi, a dubi igiya da ƙugiya, a dubi ƙasa ko akwai ɗigon mai, a saurari sabuwar ƙara. Mutum ɗaya ko biyu da aka koya wa su ke tuƙi, a ajiye littafi ana rubuta gyara da ranar bincike.

Yaro shi kaɗai ba zai iya ce wa Oga injinsa ba shi da kyau ba, domin gobe wani zai maye gurbinsa. Wannan aikin shugabannin 'yan dako ne da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin kasuwa. Yadda ake zama a tsayar da kuɗin sauke tirela, haka ya kamata a tsayar cewa injin da ba shi da allon nauyi da ƙofa, yaranmu ba za su yi lodi a kansa ba. Wanda ke da ɗan'uwa a sito ko ɗakin sanyi ya tura masa wannan, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Allah Ya tsare mu, Ya ba kowa halalinsa.